Gilashin Uwar Likita

Dakta Zulhumor ta tura wani gilashi mai ɗauke da ɗan yankin tsoka ƙarƙashin madubin likita.

"Malam, duba mini wannan. Daga maƙoƙon wata mata aka yanko."

Malam Norkobil, wanda duk Samarkand ba mai ja da hukuncinsa a kan ciwon daji, ya ture kofin koren shayinsa ya leƙa. Bai jima ba ya ɗago yana dariya.

"Wannan ciwon ai barci yake, ba mugu ba ne, 'yata. A cire rabi, ta koma gida. Mahauci ne kawai zai kwashe duka."

"To kai ne mahaucin," in ji ta. "Na mahaifiyata ne, sunanta na ɓoye maka. Bara waccan ka duba wannan gilashin ka ce mugu ne, aka kwashe duka, wuƙa ta taɓa jijiyar murya. Matar da ba a kai amarya sai da waƙarta, yau cokali take bugawa a kofi in tana son ruwa."

Ta jira ya ce kuskure ne. Kuskure kam za ta iya yafewa, ido ma yakan gaji.

Ya cire tabarau, ya goge a hankali.

"Ran nan ma mai barcin na gani."

"To me ya sa?"

"Uwarki ce fa. In na ce mai sauƙi ne, ya zo ya dawo, da wane ido zan kalle ki? Sai na ƙara masa matakin muni, hankalina ya kwanta."

Ya mayar da tabaransa.

"Da baƙuwa ce, da yanzu tana can tana waƙarta."