Mai Hoton da Ya Bayar da Kiwon Ƙarfe

Tunda kana neman inda za ka adana tulin hotunanka, ka zo wurin da ya dace, gyara zama ka sha misali. An yi wani mai hoto a wani gari na bakin kogi. Shekara da shekaru babu suna, babu biki, babu saukar karatu da ba a kira shi ba, har fuskokin garin kaf suka tattaru cikin kwamfutarsa, daga jariran da yanzu suka ajiye gemu har tsofaffin da ƙasa ta rufe wa ido. Abin ya soma damunsa, don ya san ranar da na'urar nan ta shure, gari guda ne ya ɓace a hannunsa. Masu shawara suka yi masa caa. Wani ya ce ya ɗora a intanet, alhali sabis ɗin garin sai ka hau tsamiya kake samunsa. Wani ya ce ya sayi faifan ajiya, ɗan ƙarfen nan da bai fi tafin hannu ba, har guda biyu, ya kulle a akwati cikin shago. Shi kuwa ɗan gidan masu awaki ne. Ya tashi yana ganin ba a barin garke duka a turke ɗaya, akan bayar da kiwo, wata akuya ga inna a wancan gari, wata ga kawu a tsallake, in annoba ta shiga nan, can ta tsira. Sai ya kwafe komai a faifai biyun, ya bar ɗaya a shago, ya naɗe ɗaya a ƙyalle ya kai wa yayarsa a ƙauyensu na kan tudu, ita kuma ta cusa shi ƙarƙashin zannuwanta. Duk Sallah sai ya je ya ɗura masa sababbin hotuna, ya ce ya je ba kiwonsa dusa. Da ya sauko daga mota, wani tela maƙwabcin shagonsa zai tare shi: "Maigida, ƙarfen ya haihu kuwa? A tuna da mu in an yaye." Ni ma da ina garin, da har da ragon suna zan kai masa.

Wata damina, da rana tsaka, kogin ya gaji da kwanciya ya miƙe tsaye. Allah ya tsare rayuka, amma unguwar kasuwa ta narke kamar sukari a koko. Shago, kwamfuta, akwati da makullinsa, duk ruwa ya yi gaba da su. Mutane suka tare a makarantar firamare, daga su sai kayan jikinsu. Mai hoto ya hau tudu, ya karɓo kiwonsa, ya aro babbar talabijin da janareta, ya kunna a cikin aji. Kai, ikon Allah! Garin da ruwa ya shafe sai ga shi yana fitowa daga ɗan ƙarfe, lungu-lungu, zaure-zaure, har da durumin bakin masallaci. Matattu suna dariya cikin kayan Sallah. Can sai ga wata tsohuwa a talabijin ɗin, zaune a ƙofar gida tana tsince wake, mahaifiyar telan nan ce, wadda ta daɗe da rasuwa, hotonta ɗaya tak da yake da shi kuma ya bi ruwa tare da keken ɗinkinsa. Telan ya matsa, ya durƙusa, ya shafa gilashin da yatsa. Ya waiwayo wurin mai hoto ya ce: "Maigida, ashe ya haihu."

To kai ma nemi naka tudun tun rana ba ta yi ba. Masu iya magana ba su yi ƙarya ba da suka ce ajiya maganin wata rana.