Ramin Da Ba Ya Cika

Ɗantala, ajiye fartanyar nan ka zauna. Tun hantsi nake jin ka a ƙofar gida kana yi wa mutane albishir, wai ramin kwatar da hukuma ta gina mana shekara ta zagayo bai cika ba. Kai murna kake yi, ni kuwa ban ga abin murna a ciki ba. Bari in ba ka misali, ka ɗauka ko ka bari.

An yi wani ƙauye a jikin tudu, rijiyarsu guda ce, can gangare wajen fadama. Ruwan wanka da na wanki da abin da ke fitowa daga bayan gida duk a kan hanya yake malala, har hukuma ta zo ta ja musu kwata, ta kai ta wani babban rami da aka shafe da siminti. Aka ce nan ƙazanta za ta riƙa taruwa, in ya cika mota ta zo ta zuƙe. Damina ta wuce, rami bai cika ba. Rani ya shiga, aka ɗaga murfi aka leƙa, ko rabi bai kai ba. Mutanen gari suka ce kai, wannan rami da albarka yake, ya hutar da mu kiran mota. A ranin nan kuma, rijiyar da kowace shekara sai an yashe ta kafin bazara, ko kamu ɗaya ba ta ja baya ba. Guga yana taɓa ruwa da sauran igiya a hannu. Suka ce albarka ta zama biyu. Ba wanda ya tsaya ya ce, wancan ruwan ina yake tafiya, wannan kuma daga ina yake zuwa?

Sai yara suka fara zawo. Na goye aka ce haƙori ne, na ƙasa aka ce yaye ne. Ruwa ya canza a baki, aka ɗora wa randa laifi. Uwa tana kallon maɗigar ɗanta tana faɗawa, idonsa yana zurmawa, ta jiƙa magani da ruwan rijiyar nan ta ɗura masa, tana cewa sha ka warke. An kai ƙanana makwanci a ranin nan, ba zan faɗa maka yawansu ba. Ana cikin haka wata mai rini ta gama aikinta ta juye ruwan shuni a kwata, ba da wata manufa ba. Bayan 'yan kwanaki wata mata ta ja guga ta zuba a farin kwano, sai ga ruwa shuɗi-shuɗi. Ta tsaya tana kallon kwanon, goyonta a baya yana numfashi sama-sama. Da aka zuƙe ramin aka shiga, sai aka tarar gindinsa ya tsage, tsagar da hannu zai shige.

To, ka ji. Mu ma rijiyarmu a gangare take, bana kuma ban ji wanda ya ce a yashe ta ba. Jiya ina zaune matarka ta yi ta wanke zanen goyon 'yarka har igiyar shanya ta cika, ka ce haƙori ne. Yau kunun safe kurɓa ɗaya na yi na ajiye, ruwansa ya yi mini wani iri a harshe. Ni ban san aikin siminti ba, amma tukunyar da ake zuba wa ruwa kullum ba ta cika, fasasshiya ce. Daga yau ba wanda zai ba yarinyar nan ruwan da bai tafasa ba, ita kuma a kai ta asibiti yanzu, ba sai la'asar ba. Kai kuwa tashi ka sami mai unguwa, ka ce in ji ni a buɗe ramin nan a duba gindinsa.

Kada ka tsaya kana kallona. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza.