Hannun Sista Laraba

Tun da aka hana mutum taɓa marar lafiya, na'urori suka karɓi jinya, tsohon asibitin garinmu ya koma gidan tarihi. A can Sista Laraba, tsohuwar nas, take nuna wa masu lafiya yadda ake duba zazzaɓi a da: bayan hannu a goshi.

Wata matashiya, Gambo, ta zauna gabanta. Sista ta taɓa ta, ta ji zafi rau.

"'Yar nan, ba ki da lafiya! In mai gadi ya gane, korata za a yi."

"Na'ura ta ba ni magani, Mama. Hannun na zo nema."

Sista ta dubi ƙofa, ba ta janye hannun ba.

"Sannu," ta ce. "Na baya su jira."