Laraba, Ranar Kasuwa

"Wai me ya sa mutanen nan ba sa zuwa sai an kwaso su ranga-ranga?" Wata malamar asibiti ce ta tambayi abokiyar aikinta a gabanmu, kamar mu ma bencin ne. Ni uwar mijina na rako, Inna, mai fama da suga da hawan jini, sai na sunkuyar da kai. Wata tsohuwa da ke gefena kuwa ta gyara zama ta ce wa malamar, "'Yar nan, tsaya in ba ki misali."

Ta ce an yi wata maginiyar tukwane da ciwo uku suka haɗu a jikinta: suga, hawan jini, ga ƙoda ta fara taɓuwa. Aka ba ta ƙwayoyi, aka ce sau uku a rana, kuma sai ta ci abinci, sannan ta riƙa dawowa ran Laraba. To Laraba ce kasuwar garinsu. In ta zo asibiti, tukwane su kwana a tsakar gida, murhu ya kwana ba wuta, maganin ma ya kwana a leda, don in ta sha shi da yunwa jiri ke kayar da ita. In ta tafi kasuwa, a ce ta ƙi zuwa. Sai ta zaɓi kasuwa. Ran da ta ci sau ɗaya, ta sha sau ɗaya.

Ana nan gyambo ya fito mata a ƙafa ya ƙi warkewa, har aka ɗauko ta a amalanke. Likita ya hau faɗa, wai ina ta shiga, so take a yanke ƙafar? Ta dube shi ido cikin ido ta ce, "Ina kasuwa, likita, ina neman abin da zan sha maganinka da shi. Ƙwaya ka rubuta, ba ka rubuta tuwo ba. Ƙafar nan kuwa na fi ka son ta." Aka yanke mata yatsu biyu. Da Laraba ta zagayo ta ɗaure wurin da tsumma, ta ɗora tukwane a ka, ta kama hanyar kasuwa.

Nan aka kira sunan tsohuwar, ta miƙe ta shiga. Ni kuwa sai na waiga na dubi Inna. Na sha ganin Inna tana miƙa wa jikoki kokonta na safe, sannan ta tura ƙwayar ƙarƙashin tabarma. In maigidana ya yi magana ta ce mantuwa ce, shi kuma ya ce taurin kan tsufa ne. Daga gobe nawa kokon zan riƙa kai mata ɗaki bayan yara sun fita, in tsaya har ta haɗiye ƙwayar. In ta san nawa ne ba za ta sha ba, in kuma maigidana ya ji, kunya za ta kama shi. Don haka ba wanda zan gaya wa, har malamar da ta yi tambayar. Ai Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.