Sadakar Zalɓe

Mai Karfasa, kamar yadda kowa ke kiransa, yana da tafkunan kifi uku a bayan gidansa, amma ransa na kan na tsakiya. A nan iyayen kifin suke, irin da marigayi mahaifinsa ya fara zaɓa, shi ma ya ci gaba da zaɓa har suka zama abin kwatance. Kullum da safe yakan tsamo kifin da ya mutu ya jefa wa zalɓe a bakin ruwa. A ganinsa sadaka ce, tsuntsu ma yana da ciki.

Ƙanwarsa, autar gidansu, tana aiki a ɗakin gwaje-gwaje na jami'a, kuma cikin duk halittun Allah ba ta zaɓi komai ba sai tsutsar kifi. Shi ya tsaya mata har ta gama karatu, shi ne kuma ya fi kowa tsokanarta.

Ran nan ta zo gaisuwa, ta ga wani kifi yana karo da bangon tafki, idonsa fari fat.

"Yaya, ba ni wannan in duba."

"Ɗauki goma ma, Malamar Tsutsa. Tun zamanin Baba muke ganin tsutsar nan, ba ta taɓa hana mu barci ba."

Da ya kai mata ƙarin kifi wurin aiki, ya same ta sunkuye kan madubin ƙara girma. Da tsinin allura take ciro tsutsotsin da ba su kai ƙwayar riɗi ba, kowace a 'yar kwalbarta daban. Ya daɗe a tsaye yana kallo. Haƙurinta ya burge shi ƙwarai, amma bakinsa bai yarda ya faɗa ba.

Bayan makonni ta dawo da bayani.

"A ido kamarsu ɗaya, Yaya, ko a madubin ban iya rarrabe su ba. Gwajin ƙwayoyin gado ne ya nuna ba iri ɗaya ba ne. Ta zamanin Baba tana nan, a tsoka take zama. Wannan baƙuwa ce, ido take shiga ta makantar da kifi."

"Daga ina ta zo?"

"Zalɓe ya ci kifi mai tsutsa, ta yi ƙwai a cikinsa, ya yi kashi a ruwa. Daga nan ta shiga dodon koɗi, ta fito ta shiga kifi. Kai kuma kullum kana shirya masa karin kumallo. Ka riƙa binne matattun, ka rufe tafkin da raga."

Ya yi dariya ya ce tsutsa dai tsutsa ce, bari aiki ya yi sauƙi tukuna.

Aiki bai yi sauƙi ba. Wata farar yana ta rufe idon iyayen kifin ɗaya bayan ɗaya. Yana watsa abinci, abincin na yawo a saman ruwa, su kuma suna kewayawa a ƙarƙashinsa ba su gani. Suka rame, suka riƙa mutuwa. Ranar da ya binne na ƙarshe ya zauna a bakin tafkin ya yi kuka, don ji ya yi kamar ya sake rasa mahaifinsa.

Auta ta zo, ba ta ce masa "ai na faɗa maka" ba. Takalmi ta cire, ta shiga laka tana tsince dodon koɗi cikin bokiti. Ya share ido ya bi ta.

Washegari ya tara masu kiwon kifin da ke maƙwabtaka da shi, ya nuna musu tafkin da ya kwashe, bai ɓoye komai ba.

"Ku saurari ƙanwata," ya ce. "Ni ban saurare ta ba."

Tafkunansu sun tsira. Irin mahaifinsa kuwa ya tafi ke nan.

Jama'a, kama a ido ba ta nufin abu ɗaya ne. Idan mai bincike ya ce cuta ta sauya, a yi aiki da maganarsa tun kafin a yi asarar da ba ta dawowa.