Motar da Ba Ta Mutuwa a Hanya

Gidaɗo ya tsayar da sabuwar motar a ƙofar gidansu a Filinge, ya yi ta danna hon har Inna ta fito.

"Inna, kin gane ta? Irin 'yar ƙaramar motar masu kaki ce da Baba ke gyarawa zamanin soji. An sake ƙera ta, kamanni ɗaya, amma wagga ba ta mutuwa a hanya."

Inna ta tsaya nesa.

Ya yi dariya. "Har gobe tsofaffin kasuwa ba'a suke mini, wai duk gyaran Baba a yashin hanyar Bonkuku yake ƙarewa. Shigo in zagaya da ke su gani."

"Ba ni shiga. Ka san ranakun da waccan take mutuwa?"

"Kullum mana."

"A'a, sai ran da za a tahi kamo wani. Babanka ne ke sassauta wata waya da gangan. Kafin su turo ta daga yashi, wanda ake nema ya kora shanunsa ya yi arewa. Mutum sha ɗaya babanka ya tsirar haka."

Gidaɗo ya kashe injin. Shi dai an ce masa zazzaɓi ne ya kashe Baba tun yana goye.

Inna ta ce, "Sau ɗaya na ga ta yi lafiya. Baƙon makaniki suka kawo ya gyara ta, ya gano wayar. Ran nan ta tsaya daidai inda ka tsaya, ta ɗauki babanka. Har birnin Yamai ba ta mutu ba, shi kuma bai dawo ba."