Gidan Aro na Yini Ɗaya

Auta ya murɗa makullin, ƙofar ta yi gardama kafin ta buɗe. Ya matsa gefe ya ce, "Bismillah, Mama, shigo gidanki."

Gidan ba nasa ba ne. Ko abin goge ƙafa da ke bakin ƙofar ba nasa ba ne. Shi dai ma'aikacin wani dillalin gidaje ne, aikinsa ya ɗauki makullai ya zaga da masu neman haya, yana yabon gidajen da albashinsa ba zai kama masa ko banɗakinsu ba. Tun da aka rushe layin ɗakunan da yake haya aka dasa bene a wurin, bai sake samun ƙofar da zai rufe a kansa ba. Da farko bencin tasha ne makwancinsa, sai hukumar birni ta sa aka yi waldar ƙarafa a tsakiyar kowane benci don kada wani ya miƙe ƙafa. Yanzu ƙarƙashin matattakalar ofis yake kwana, bisa kwali, in maigadi ya ga dama.

Amma a waya fa? A waya Auta mai gida ne. Ɗaki biyu da falo, ruwa ba ya yankewa. Ƙaryar ƙarama ce lokacin da ya fara ta, don tsohuwa ta daina kwana da damuwarsa, sai ta yi ta girma har ta yi labule da firji. Ranar da Mama ta kira ta ce tana tafe, saura kaɗan wayar ta suɓuce masa.

Allah ya rufa asiri akwai wannan gida, da kujerunsa da gadajensa, mutanen da suka kama hayarsa kuwa sai bayan la'asar za su tare. Abin da Auta yake roƙo bai da yawa: ta gani, ta sa albarka, ya mayar da ita tasha kafin motar kayan mutane ta iso. In maigidansa ya ji labari, aiki ya tafi, matattakalar ma ta bi shi.

Kayan Mama suka ba shi wuya a hawan bene. Jakunkuna, buhu ɗaure da igiya, ga wani kwali mai nauyin tsiya da ta hana ɗan dako ya taɓa. Tsohuwar nan, ya ce a ransa, ko asibiti za ta je sai ta kwashi rabin ɗaki.

Ta zaga gidan a hankali, tana shafa bango. Ta buɗe famfo ta tsaya kallon ruwa. Ta tambayi inda gabas take. Ta leƙa taga ta ce kasuwa da nisa? Maƙwabta fa, mutanen kirki ne? Auta ya yi ta zuba amsa, har bakin dillali ya kusa tona shi. "Ga iska, ga tsaro, in an biya shekara biyu a dunƙule..." Ya haɗiye sauran da tari. Da ta nemi kofi kuwa, sai da ya buɗe kusan duk durowar kicin.

"Gidan gwauro," ta ce tana dariya. "Za a gyara."

A ƙaramin ɗakin ta zauna bakin gado, ta cire takalmi, ta murza gwiwoyinta. Sai hawaye. Ta ce da ma babansa ya ga wannan rana. Ta ɗora masa hannu a ka ta yi ta sa albarka, shi kuwa kansa a ƙasa, kunya kamar ta kashe shi. Bai taɓa jin ya tsani kansa irin wannan lokaci ba.

Bayan ta yi azahar ta kishingiɗa, barci ya kwashe ta, irin barcin wanda ya sauke kaya. Auta ya kasa zama. Ya je taga, ya dawo, ya sake komawa. Waya ta yi ƙara a aljihunsa: maigida ne, wai mutanen sun taso, ya tsaya ya miƙa musu makulli. Ya tsaya a kan Mama yana kallon furfurar da ta leƙo daga ɗankwali. Wallahi da ana sayen yini, da ya sayar da rigar jikinsa ya ƙara mata ko awa guda.

Aka kira la'asar. Can ƙasa wata babbar mota ta ja birki, aka soma kiran 'yan dako.

"Mama, tashi," ya ce. "Kada motar ƙarshe ta bar ki. Aiki ne ya taso mini, wani zuwan kya kwana biyu."

Ya sunkuci jaka ya nufi ƙofa. Ta tashi zaune tana gyara ɗauri, ta dube shi da murmushin wadda ta daɗe tana ɓoye albishir.

"Wace mota kuma, Auta? Ajiye jakar nan. Mai gidan da nake ciki can ya ninka mini haya, na ce ya riƙe ɗakinsa, ɗana ya yi gida a birni. Jiya na miƙa masa makulli, har wasu sun shiga. Ai na zo ke nan."